Jin daɗi ne ke kai mutum ga burinsa, ko tilasta wa kai?

Ɗalibin Dare:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar malamai da 'yan'uwa a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Sana'ata ɗinki ce, ina da iyali, kuma burin da na fi ƙwallafa rai a kansa shi ne haddar Alƙur'ani mai girma. Kusan kowace shekara, da zarar an yi ƙaramar Sallah aikin shago ya yi sauƙi, sai in ɗaura niyya in fara, kuma a makonnin farko zuciyata takan cika da farin ciki har in riƙa hango ranar walima, mahaifiyata tana zaune ana yi mata barka. Amma kafin ɗinkin babbar Sallah ya kankama sai karsashin ya dushe, in koma yin karatun da ƙyar, daga baya ma in bari.

Wani abokina ya ce matsalata ita ce ina jiran sai na ji daɗi kafin in zauna, alhali manyan ayyuka da cije haƙori ake yin su. Wani kuma ya ce duk abin da mutum ba ya jin daɗinsa ba zai ɗore a kansa ba, ko da ya rantse. Wanne ne gaskiya a cikin maganganun nan biyu, kuma ta yaya mai sana'a irina zai tsara burinsa?

Malama Mai Alli:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah Ya cika maka wannan buri. A ganina abokanka biyu kowa ya riƙe ɓangare ɗaya na gaskiya, domin jin daɗin da ke tattare da buri kashi biyu ne, kuma ba aiki ɗaya suke yi a zuciya ba.

Akwai daɗin da mutum yake ji idan ya zauna yana hango ranar da ya riga ya yi nasara, irin wanda ka bayyana game da walima. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan'adam da ke koyarwa a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana nazarin wannan, kuma abin da ta gano ya saɓa wa abin da masu wa'azin zaburarwa suke faɗa. A wani bincike da ta wallafa a 2002 tare da Doris Mayer, ɗaliban da suka fi nutsewa cikin mafarkin samun aiki mai kyau su ne suka fi ƙarancin aika takardun neman aiki, kuma bayan shekara biyu albashinsu bai kai na takwarorinsu ba. Bayanin da ta bayar shi ne, zuciya takan ɗanɗani nasarar tun kafin a same ta, sai ta saki jiki kamar an riga an gama. Shawararta ita ce mutum ya hango nasarar, sa'an nan nan take ya juyo ya kalli abin da ke cikinsa wanda zai tare masa hanya, ya yi masa tanadi.

Kashi na biyu shi ne daɗin da ake samu a cikin aikin kansa, a lokacin da ake yin sa. Masu bincike Kaitlin Woolley da Ayelet Fishbach, waɗanda a lokacin dukansu suke Jami'ar Chicago, sun bi diddigin mutanen da suka ɗauki alƙawuran sabuwar shekara, suka tarar cewa abin da ya fi nuna wanda zai ɗore shi ne yadda yake jin daɗin aikin, fiye da yadda yake ganin muhimmancinsa. Wannan ya dace da halinka sosai, domin babu mai shakkar cewa ka san girman hadda, amma sanin girmanta shi kaɗai bai zaunar da kai a kan tabarma bayan ka wuni a kan keken ɗinki ba.

Sai kuma maganar tsarin burin. Masana halayyar ɗan'adam Edwin Locke da Gary Latham sun nuna cewa buri ƙayyadadde mai ɗan wuya ya fi "zan yi iya ƙoƙarina" haifar da sakamako. A 1975 Latham ya ba da rahoton wasu direbobin motocin dakon katako a Amurka da suke loda kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin da doka ta yarda, amma da aka sa musu kashi 94 a matsayin abin da za su nufa, sai lodinsu ya tashi zuwa wajen kashi 90. "Zan haddace Alƙur'ani" niyya ce mai kyau, sai dai ba ta gaya maka abin da za ka yi gobe da asuba ba.

Gardin Tsangaya:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah Ya saka da alheri, amma ina da ɗan tsokaci, domin ina jin tsoron kada ɗan'uwanmu ya fahimci cewa ranar da bai ji daɗi ba yana da uzurin barin karatu. Mu da muka tashi da allo mun san cewa akwai ranakun da aya takan ƙi zama, ka maimaita har muryarka ta dushe, kuma babu wani daɗi a cikin wannan sa'ar. Daɗin yakan zo ne daga baya, lokacin da ka biya wa malam ba tare da tuntuɓe ba ya ce ka je ka wanke allo. Wanda bai taɓa tsugunawa yana wanke allonsa da asuba ba, yana kallon tawadar jiya tana bin ruwa alhali ayoyin suna nan a ƙirjinsa, da wuya ya gane irin wannan farin ciki, kuma shi ne yake dawo da almajiri washegari.

Magabatanmu ba su taɓa ɗora wa yaro izu sittin a ka lokaci guda ba. Daga Fatiha da Nasi ake hawa, a gama izun Sabbi, a shiga Amma, sai Ƙul'uhiya, sai Tabara, kuma a gidaje da yawa idan yaro ya kai wani mataki akan yi sadaka a yi masa addu'a. Kowane izu sumuni takwas ne, wato Alƙur'ani duka sumuni 480 ke nan. Idan mai sana'a ya ɗauki sumuni biyu a mako, zai gama izu ɗaya a wata, ya kammala cikin shekara biyar in Allah Ya so. Na san shekara biyar za ta yi maka nisa a kunne, ɗan'uwa, amma ka lissafa shekarun da suka wuce ana farawa ana bari.

Abin da nake zargin yana kashe maka gwiwa shi ne rashin tilawa. Mai sabuwar hadda yakan yi ta ƙari saboda ƙari ne ke da daɗi, sai ranar da ya waiwaya ya tarar na baya ya zube, daga nan baƙin ciki ya kama shi ya ga kamar wahalar banza ya yi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗe mu cewa Alƙur'ani ya fi saurin kuɓucewa fiye da raƙuma daga dabaibayinsu, kuma a hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Uwar Gida daga Damagaram:

Ƙanena, ka nemi wanda za ka riƙa biya wa a rana tsayayya, ko da maiɗakinka ce ta riƙe maka Mus'hafi. Na lura a cikin matan da muke karatu tare cewa wadda take zuwa ta tarar da 'yan'uwa suna jiranta, a gaisa a yi raha kafin a fara, ta fi wadda take fama ita kaɗai a ɗaki ɗorewa nesa ba kusa ba. Kuma abin da ka haddace ka riƙa karanta shi a nafilarka, domin ranar da ka tsaya sallah da surar da a da sai ka buɗe takarda, za ka ji abin da zai sa ka ƙi yarda ta kuɓuce maka.

Ɗalibin Dare:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Maganar tilawa ta taɓa inda yake mini ciwo. Saura abu ɗaya, Malama: a makonnin da ke gaban Sallah mukan kwana a shago, kuma idan na yi fashin kwanaki nakan ji kamar na warware komai. Yaya zan yi da wannan lokacin?

Malama Mai Alli:

Malam, tunda ka san lokacin da cikas ɗin yake zuwa, ka yanke hukunci a kansa tun yanzu. Peter Gollwitzer, wanda shi ma masanin halayyar ɗan'adam ne, ya nuna cewa mutanen da suke ƙulla shiri da sigar "idan kaza ya faru, zan yi kaza" sun fi aiwatar da niyyarsu, saboda ba sa tsayawa yin shawara da zuciya a lokacin da gajiya ta riga ta yi musu nauyi. Naka zai iya zama cewa idan ɗinkin Sallah ya taso za ka dakatar da ƙari gaba ɗaya, ka tsaya a kan tilawar sumuni biyu bayan sallar asuba kafin ka buɗe shago, sa'an nan ka kunna karatun izun da kake ciki yayin da kake yanka ko guga.

Game da fashi kuwa, Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da suke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga cewa tsaka-tsakin lokacin da take ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu ƙasa da haka sosai, wasu kuma sama da wata takwas, kuma fashin rana ɗaya bai ɓata musu tafiyar ba. Na yarda da Malam Gardi cewa ranar rashin karsashi ba uzuri ba ce, saboda haka ka ware mafi ƙarancin abin da ba za ka kwanta ba sai ka yi shi, ko da layi biyar ne na shafin Mus'hafin Madina mai layi goma sha biyar, kuma ka sanar da wanda kake biya wa ranar da za ka koma ƙari bayan Sallah tun kafin ka dakata.