Neman Shawara: Takardar Haihuwata Ta Ɓata, Ga Shi Ina Buƙatar Fasfo

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, an sayar da gidan da muka tashi a ciki, akwatin ƙarfen da yake adana takardunmu kuma ya koma hannun kishiyar mahaifiyata, wadda ta ce ta miƙa wa babban yayanmu, shi kuwa ya rantse cewa takardar fili da tsofaffin hotuna kaɗai ya tarar. Ba na son zumunci ya lalace a kan takarda. Ina buƙatar fasfo cikin gaggawa, to mece ce za ta maye gurbinta?

Tsohon ma'aikaci: Wa alaikumus salam. Yaro, ba ka faɗi shekarar haihuwarka ba, alhali a kanta maganar ta rataya. Tun dokar 1992, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke rajistar haihuwa a Najeriya, katin asibiti ba ya zama madadin takardarta. Wanda ya haura shekara 18 ba tare da takarda ba, sai ya je babbar kotu ya yi rantsuwar shekaru, sannan hukumar ta ba shi takardar tabbatar da haihuwa. Hanyar ke nan, babu wata.

Wata Hajiya: Malam, a yi mini afuwa, amma maigidana da takardar rantsuwar kotu, da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN), da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma aka yi masa fasfonsa. Ni abin da ya ƙona mini rai shi ne wani ɗan kamasho da ya karɓi kuɗina zai samo wa 'ya'yana takardu, har yau wayarsa a kashe take.

Wani ɗan'uwa: Idan an taɓa yi maka rajista, ka fara kai rahoton ɓata wurin 'yan sanda, sannan ka nemi kwafi a cibiyar da aka rubuta ka.

Mai tambaya: Baba, a 1995 aka haife ni, sai dai a NIN ɗina 1997 aka rubuta. Da sanina aka yi haka, domin a lokacin ina neman aikin da aka ƙayyade wa shekaru, kuma duk abokaina haka suka yi.

Tsohon ma'aikaci: Ashe ga inda gizo ke saƙar. Hukumar Shige da Fice daga NIN take ɗauko bayananka, don haka duk takardar da ta saɓa da shi za ta tsayar da aikin. Ka nemi takardar Hukumar Ƙidaya da shekarunka na gaskiya, ka gyara a NIMC, hukumar da ke ba da NIN, sannan ka nemi fasfo. Rantsuwar ƙarya a kotu laifi ce, ballantana a wurin Allah.

Wata Hajiya: Gyaran ranar haihuwa ba ya yiwuwa cikin gaggawa, Malam. Ka ji ya ce sauri yake yi.

Tsohon ma'aikaci: Hajiya, saurin ne ya kai shi nan.

Mai tambaya: Baba, ba wanda na cuta, iyali nake neman ciyarwa, kuma BVN ɗina na banki ma 1997 yake ɗauke da shi, idan na taɓa ɗaya sai na taɓa duka. Shin katin zaɓe ko lasisin tuƙi ba zai wadatar ba?

Wani sabon shiga: Don Allah, ni sunan mahaifina aka rubuta ba daidai ba, ita ma rantsuwar zan yi?