Magunguna da garkuwar tsutsar tsargiya: abin da aka tattaro daga tattaunawa

A wata tattaunawa kan magungunan tsargiya, an fi daɗewa a kan yadda tsutsar tsargiya ke rayuwa shekaru a cikin jijiyoyin jini, alhali ƙwayoyin garkuwar jikinmu na watsa mata sinadarai masu ƙona tsoka. Tsutsar ba ta da katalas, sinadarin da mu muke kashe kaifin irin wannan guba da shi. Wajen kare kanta, ta dogara ne kusan kacokan ga wani sinadari guda da ake kira TGR, mai yin aikin da sinadarai biyu ke yi a jikin mutum. Idan aka toshe shi, tsutsar ta mutu. Auranofin (wani maganin amosanin gaɓɓai) da tsofaffin magungunan tsargiya na antimoni (wani nau'in ma'adini) suna toshe shi, sai dai antimoni na da illa ƙwarai ga zuciya, shi ya sa aka daina ba da shi don tsargiya.

Praziquantel kuwa, maganin da aka fi ba masu tsargiya, hanyarsa daban ce: yana kwararo kalsiyam cikin tsutsar, ta sandare, fatarta ta lalace. Rauninsa shi ne ƙananan tsutsotsi na tsira, don haka aka ba da shawarar sake gwaji bayan 'yan makonni, a maimaita maganin idan likita ya ga buƙata. Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki.

An yi saɓani a kan amfani da atemeta, maganin zazzaɓin cizon sauro, don tsargiya. Shi yana haɗuwa ne da ƙarfen jinin da tsutsar ta ci, ya haifar da guba mai kashe ƙananan. Ni ina tare da masu cewa kada a sha shi barkatai, domin zazzaɓin cizon sauro na iya bijire masa.