EPS, waƙa, kwamfuta da moral a firamare: me yara ke ɗauka da gaske?

Uwar yara, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum malamai, daga unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi nake. A takardar sakamako muna ganin makin EPS (darasin motsa jiki) da waƙa da moral (darasin tarbiyya), wasu makarantun kuɗi har da kwamfuta. Lissafi da faransanci mun san yadda za mu duba, mu buɗe kaye mu gani. Waɗannan fa? Me ake koya musu daga CI zuwa CM2, wato aji ɗaya zuwa aji shida, kuma yaya uwa za ta gane an koyar ne ko an dai sake su cikin fili?

Mushe na CM1, Bagalam:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki EPS. Ma'aunin ɗaya ne: cikin minti 30, minti nawa ɗanki ya yi yana motsi da jikinsa? Aji mai yara 80, ƙwallo ɗaya, layi biyu, kowa zai taɓa ƙwallon nan sau ɗaya ko biyu, sauran lokacin yana tsaye cikin rana yana mintsinin na gabansa. A rajista an yi EPS, a jikin yaro ba a yi komai ba.

Darasin kirki kashi uku ne. Ɗumama jiki minti 5 zuwa 7: sassarfa a zagaye fili, juya wuya, kafaɗu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Sai aikin ranar, kamar minti 18. Sai minti 5 na hucewa, tafiya a hankali, numfashi, a sha ruwa, a wanke hannu kafin a koma aji. Wanda ya tsallake na ƙarshen nan shi ke shan wahala, don yara za su shigo da zufa da hayaniya, darasin da ke biye ya lalace.

Ƴan CI da CP ba a koya musu dokar wasa. Gudu da tsayawa da jin usur, dama da hagu, tsalle da ƙafa ɗaya, jifa da cafewa, tafiya kan layi ba tare da kaucewa ba. A CE a shigo da gudun miƙa sanda, tsallen nisa da wasan ƙungiya mai doka biyu ko uku. A CM sai gudun mita 50 ko 60 da agogo, tsallen sama, da gudun juriya na minti 6 zuwa 8 wanda yaro zai koyi raba ƙarfinsa, kar ya ƙone shi a zagayen farko. A nan ake koya musu jin bugun jini a wuyan hannu: a ƙirga na daƙiƙa 15, a ninka sau 4, kafin gudu da bayansa. Lissafi ya shigo ke nan ba su sani ba.

Maganin dogon layi shi ne raba aji gida huɗu, kowane da shugabansa da aikinsa: igiyar tsalle, jifan gwangwani da ƙwallon tsumma, ramin tsalle, langa. Duk minti 4 ko 5 a busa usur su juya. Malam ya tsaya wajen da ya fi haɗari, wato ramin tsalle, yana fuskantar sauran.

Malamin ƙauye, wajen Madarunfa:
Gaskiya ne Mushe. Ƙari kan ramin: tsawon mita 4 zuwa 5, faɗin mita 2, zurfin santimita 30 ya isa ƴan firamare. A cika da rairayin gulbi, amma a tankaɗe shi, don akwai fasasshiyar kwalba da ƙashi ciki. Kowace safiyar EPS a kafce shi da hauya, rairayin da ya kwana biyu yana daskarewa ya yi tauri kamar daɓe, nan ake samun targaɗe. Layukan fili da toka ake ja, ba ta cin ko dala. Farkon Oktoba kafin a fara komai a sa yara su tsince tsidau da ƙarangiya, mafi yawansu ba takalmi suke gudu, silifas kuwa ya fi ƙafa tsirara kayar da yaro. Tsallen sama kada a gitta sanda, a ɗaura robar ɗinki mai miƙewa. Yaron da sanda ta taɓa buge wa ƙwauri ba ya sake zuwa da zuciya ɗaya.

Kokawa kuma, mu nan ba sai an koya wa yaro sonta ba, jihar Maradi ce ta fidda Kantu wanda ya ɗauki takobin farko na gasar ƙasa a 1975. Abin koyarwa shi ne doka da yadda ake faɗuwa. A haɗa su da nauyi, kada a bi aji, don a CM2 ɗaya za ka ga ɗan shekara 11 da ɗan shekara 15. A yanke farce, a cire laya da zobe, ba kama wuya, minti ɗaya a raba.

Madam ta CE2, Zariya:
Ku maza kun manta da ƴan mata, kuma haka ake mantawa da su a fili: maza su ɗauki ƙwallo, mata su zauna gindin bedi suna carafke har a kaɗa ƙararrawa. A gaya wa iyaye ranar EPS tun farkon shekara, yarinya ta sa wando ƙarƙashin siket, da ƙaramin hijabi marar fil. Dogon hijabi ana takawa a faɗi, fil kuma na soka. Da zarar an gyara wannan, igiya da gudun miƙa sanda sai ka rantse don su aka yi.

Hajiya, abin da ya rataya a wuyanku iyaye shi ne faɗin ciwo. Mai sikila da mai fuka a sanar da malam. Mai sikila ba a hana shi wasa, amma ba gudun juriya, ba tsayuwar rana, ruwa a kusa, kuma in ya ce ya gaji an yarda da shi. Mai fuka ranar da hazon hunturu ya yi kauri ya riƙe agogo da usur. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, EPS bayan ƙarfe 9 ganganci ne. Kuma yaron da ya fito ko koko bai sha ba shi ne ke yanke jiki ya faɗi.

Tsohon direkta, Tibiri:
Ɗiyana kun yi bayani. Ni waƙa zan taɓa, don ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, an maishe ta abin cike gurbi in malam ya gaji. Ga yadda ake koya ta. Malam ya rera ta duka sau biyu yara na saurare. Ya fassara kalmomin da Hausa. A faɗi baitin farko da baki ba karin murya, har lafazi ya zauna. Sannan a ɗora karin, jimla jimla: malam, aji duka, layi ɗaya, yara uku, yaro ɗaya. Baiti ɗaya a zama ɗaya ya isa, minti 15.

Kuskure biyu ke kashe ta. Na farko ihu. In aka ce su ɗaga murya sai su yi ta kururuwa, jijiyar wuya a tsaye, kari ya ɓace. A ce su rera kamar akwai jariri na barci a ɗakin, nan kunne ke buɗewa. Na biyu, malam namiji ya kan ɗauko waƙa daga ƙasa, inda muryarsa ta fi jin daɗi, yara kuwa muryarsu na sama, sai su yi ta gunji. A sa yarinya mai kunne ta ba da farkon, aji ya bi ta.

Taken ƙasa da aka sauya a 2023 ku saurara da kyau wajen ɗaga tuta. Ƴan CI sauti kawai suke kwaikwayo, kalma uku su dunƙule ta zama ɗaya, kuma in ba a gyara ba haka za su kai CM2 da ita. A rubuta shi a allo ga manya, a fassara layi layi ga ƙanana.

Malamin ƙauye, wajen Madarunfa:
Baba direkta, ga masu cewa kiɗa ba ya cikin tarbiyya fa? Akwai iyayen da ke zuwa har lakwal kan wannan.

Tsohon direkta, Tibiri:
Ba a jayayya da uba a bakin aji. A kira shi ya zauna ya ji abin da ake rerawa: tsabta, gaida iyaye, ƙidaya, sunayen jihohi takwas. Mafi yawan aikin murya ce da tafi. Auna lokaci kuwa ƙwarya a kife da gwangwanin tumatir mai tsakuwa sun wadatar: layi ɗaya na tafa bugu huɗu daidai, ɗayan na tafa na farko da na uku, kowa ya riƙe nasa kar ɗan'uwansa ya ja shi. Salon bayarwa da amshi ƴan mata sun zo da shi daga gaɗa, sai a yi amfani da shi. Wanda ya ƙi bayan wannan, a bar ɗansa ya yi harda.

Mai koyar da kwamfuta, Sabon Gari:
Hajiya, a yawancin makarantun gwamnati kwamfuta ba ta kai firamare ba, a na kuɗi ake samunta. Tambayar da za ki yi wa ɗanki ita ce ta Mushe: yau ka riƙe linzami da hannunka? Yara 72, na'ura 12, awa ɗaya. Shida shida ke nan, kowa minti 10 a lissafi, a zahiri kuwa mai ƙarfin cikinsu ya riƙe har a tashi. Gara a raba aji uku. Kashi ɗaya su shiga biyu biyu na minti 20, ɗaya na aiki ɗaya na karanta masa umarni, a minti 10 su yi musanya. Sauran suna waje da kwalin da aka zana madannai a kai, suna neman haruffan sunansu. Wanda ya yi mako biyu da kwalin nan ba ya ɓata lokaci yana laluben harafi.

Tsarin: CI da CP sunayen sassa, kunnawa, kashewa ta hanyarta ba zare waya ba, da linzami. Danna sau biyu a jere shi ya fi ba su wuya, hannu na motsawa tsakanin dannawar farko da ta biyu, sai fayil ya ja maimakon ya buɗe. A sa su kafa gindin tafin hannu a tebur. Manhajojin yara Tux Paint da GCompris kyauta ne, ba sa buƙatar intanet, kuma suna gyara hannu cikin wasa. CE rubutu: babban baƙi, tazara ɗaya tsakanin kalmomi, gogewa, adanawa da Ctrl da S. Ku koya musu Ctrl da Z da wuri, yaron da ya san zai iya maido abin da ya ɓata ya daina tsoron na'ura. CM su buɗe jaka da sunansu, su rubuta wasiƙa, su yi ɗan jadawali, masu kaifi su shiga manhajar Scratch su sa mage ta yi taku 10 ta juya.

Abin da ke rikita mutane a garin nan: na'urorin da ake shigowa da su daga Kano madannansu QWERTY ne, a zo a saita su da faransanci wanda ke AZERTY. Yaro ya danna Q ya ga A, ya danna W ya ga Z, ya nemi M ya rasa. Ba lalacewa ba ce, a daidaita harshen madannai da abin da ke rubuce a kansu. A AZERTY kuma lambobin layin sama sai an riƙe maɓallin Maj (Shift), in ba haka ba ya danna 2 ya ga é. Haruffanmu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ babu su a kan ko wanne, sai an girka madannan Hausa, ga shi tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa.

Mai gyaran na'urori, kusa da babbar kasuwa:
Malam ka bar nawa. Abin da ke kawo mana na'urorin makarantu uku ne. Ƙura: a rufe su da zane kullum, a hure cikinsu duk wata lokacin hunturu, in ba haka ba fanka ta toshe, na'ura ta yi zafi ta riƙa mutuwa da kanta. Wuta: ondilar, akwatin batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, ba janareta ba ce, minti 10 zuwa 15 take ba ka ka adana ka kashe. Kuma kar a jera na'ura shida kan ralonj ɗaya mai siririyar waya, narkewa take. Na uku kile USB na malamai, shi ke yawo da cutar da ke maida jakunkuna gajerun hanyoyi. Mai shirin sola ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka: tana cin wat 30 zuwa 60, ta tebur da allonta ta kan haura 100.

Madam ta CM2, Burja:
Saura nasiha. Ba mu da malami na musamman mai ba da shawara a firamare, malamin aji ne, sai direkta, sai uwayen AME, ƙungiyar uwayen ɗalibai. A jadawali moral ce da tarbiyyar ɗan ƙasa. Moral ɗin da aka rubuta jimla a allo aka haddace ba ta wuce ƙofar aji. Wadda ke zama ita ce wadda aka gwada: yara biyu su fito su yi rigimar biro, aji ya faɗi inda aka kuskure, a sake yi. Matakan sulhu da muke koyarwa: ku tsaya, kowa ya faɗi nasa ba katsewa, kowa ya maimaita abin da ɗayan ya ce, sannan a nemi mafita. Maimaitawar nan ce ke kashe wutar.

Ƙanana ana koya musu wanke hannu da sabulu, tsallaka titi tsakanin kabu-kabu da adaidaita, sunan uba da unguwa in an ɓata, da cewa jikinsu nasu ne: inda tufafi ke rufewa ba mai taɓawa, kuma duk wanda ya ce kar ka faɗa wa kowa, shi ne za a faɗa. Manya kuma wankan tabki da tsargiya, tramol da sholisho, da jinin al'ada ga ƴan mata, wanda malama ko uwar AME ke yi su kaɗai, tun CM1, don wasu a aji yake fara zo musu.

Ga malamai: yaro in ya zo da magana, kada a rufe ƙofa, a zauna inda ana hango ku ba a jin ku. Kada a yi masa alkawarin ba wanda zai ji, a ce ba za a faɗa ba sai ga wanda zai taimaka. Kada a tsare shi da tambayoyi, kada a kira wanda ake zargi a haɗa su. A rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da kwanan wata, a kai wa direkta. Kuma a riƙa karanta rajistar kira: yarinyar da ke fashi duk Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa, talla ce, uwayen AME su je gidan kafin fashin ya zama bari.

Tsohon direkta, Tibiri:
Ɗiyata ki ƙara da gobara. Bayan abin da ya faru a Maradi a Nuwamba 2021, da wuta ta cinye ajujuwan zana da yara sama da 20, duk makarantar da ke da rumfa ta riƙa gwajin fita. Ƙofa biyu kowace rumfa, tazara tsakanin rumfuna, mai tuya da garwashinta nesa da zana. Busa uku a jere, a bar jaka da takalmi, layin da ke kusa da ƙofa ya fara, a taru gindin icce ɗaya da kowa ya sani, malam ya fito da rajista ya kira suna. A yi shi sau ɗaya kowane wata uku da agogo a hannu, kuma a sa ƴan CI a rumfar da ta fi kusa da fili.

Uwar yara, Ali Ɗan Sofo:
Allah ya saka da alheri. Baba, gwajin nan wa ke neman a yi shi, mu iyaye ko direkta?

Tsohon direkta, Tibiri:
Ku kai shi taron COGES, kwamitin kula da makaranta, a sa shi cikin tsarin aikin shekara, da ranarsa da sunan mai busa usur. A fara a Nuwamba, da an gama kafa rumfunan bana.