Musayar Waƙa: Kayan Cefanen da Suka Yi Wuyar Gani a Kantunan Zariya

Mai Kanti, Sabon Gari

Salamu alaikum. Sharaɗi ɗaya ne: mai amsawa ya amsa da waƙa, kuma ya kawo dalili da magani, ba kuka kaɗai ba.

Da sunan Allah mai ciyar da bayi,
Na buɗe zance, ku zo da amsawa.

Manyan kantunan Sabon Gari da Samaru,
Akwai kantar da ba ta cikawa.

Ƙwai in ya sauka da hantsi,
Kafin la'asar ya gama ƙarewa.

Man gyaɗa na ainihi mai ƙamshi,
Sai mai sa'a yake tararwa.

Waken leda da garin daddawa,
Kindirmo, man shanu, duk suna ɓacewa.

Ga dalili guda daga cikin kanti,
Wanda mai saye ke kasa hangowa.

Kanti ba ya biyan mai kaya nan take,
Sai an sayar ake lissafawa.

In farashi na tashi kowane mako,
Bashin wata guda jari yake cinyewa.

Sai mai kaya ya nufi kasuwa,
Hannu da hannu, babu dakatawa.

Abin leda kuma sai da lambar NAFDAC,
Ƙaramin mai sana'a kan kasa samowa.

Masu gona, masu kiwo, masu rumbu,
Ku faɗi naku, muna karantawa.

Mai Kaji, Shika

Alhaji, batun ƙwai ka bar mini shi,
Tushensa na cikin buhun masara.

Kaza mai ƙwai, giram 110 zuwa 120
Take ci kullum, ba ragi, ba a ƙara.

Buhu mai kilo 25 a gaban kaji 200,
Yini guda ne, ɗan kaɗan ne saura.

Rabin abincin nan masara ce zalla,
Sai waken suya da dusa a tattara.

Garin ƙashi shi ke gina ɓawo,
In ya gaza ƙwai ya fashe, sai asara.

Tsako sai ya yi mako 18 zuwa 20
Yana ci kawai kafin ƙwai ya fara.

In tsada ta sa an sayar da kaji,
Ko masara ta sauko, wata biyar ake jira.

Zafin Maris da Afrilu na hana su ci,
Ƙwai ya ragu, ɓawonsu duk sirara.

A ba su ci da asuba da kuma yamma,
Ruwa mai sanyi da iska, ita ce dabara.

Haske awa 16 suke so a yini,
In wuta ta ɗauke, sola ce mai gyara.

A Jaji, nan kusa da mu, a 2006,
Aka soma ganin kaji da muguwar mura.

Baƙo da kiret ɗin kasuwa su tsaya waje,
A tsoma takalmi a magani, a kwashe shara.

Ɗan Fadamar Galma

Yayana mai kaji, ka yi bayani,
Bari in sauke kwandon tumatiri.

Alhaji bai sa shi cikin jerinsa ba,
Alhali shi ne kan gaba a kukan gari.

Noman rani a Galma da Hunƙuyi,
Janairu zuwa Maris ya cika ko'ina wuri.

Afrilu in ta zo zafi ya wuce kima,
Fure ya kakkaɓe, shuka ta yi ɓari.

Na damina sai wajen Agusta yake nuna,
Mayu, Yuni, Yuli ne wahalar sari.

Sannan ga sharon, Tuta absoluta a boko,
Ƙaramin jiki, babban mugu cikin ƙwari.

Asalinsa Kudancin Amurka ne,
Ɓarnarsa a 2016 ta fi ta fari.

A Mayun shekarar gwamnatin Kaduna
Ta ayyana ta-ɓaci a kan tumatiri.

Tsutsar na shiga tsakanin fatar ganye,
Feshi ya sauka, ganyen ya zame mata tsari.

Cikin wata guda ta girma ta hayayyafa,
Magani ɗaya in an nace, ta saba da sauri.

A sauya sinadari, ba sunan kwalba ba,
A fesa da yamma, a soma da wuri.

A kafa tarkon ƙamshi mai jawo mazan,
Tsohon kara a tuge a ƙone, kar a bari.

Kar gauta ko dankalin Turawa su gaje shi,
Dangi ɗaya ne, nan take samun mafari.

Babban kwando ya kai kilo 50 ko fiye,
Na ƙasa ya dame tun ana cikin safari.

Kiret na roba mai kilo 25
Ana jera shi ba matsi, ba hatsari.

Uwar gida, a Fabrairu ake yin kauɗa,
Ki zaɓi mai tauri, ki yanka siriri.

Ki shanya a kan gado, ba bisa ƙasa ba,
Ki juya kullum, ki barbaɗa ɗan gishiri.

In ya karye a hannu ya bushe ke nan,
In ya lanƙwashe, ki ba shi rana ƙari.

Hajiya Mai Daddawa, Tudun Wada

Alhaji, ka ambaci garin daddawa,
Zan ari amsa-amonka, ka yi yafewa.

Uwar daddawa ita ce ɗorawa,
A wanke garin rawaya a sami kalwa.

Itacen na shekaru kafin ya yi 'ya'ya,
Mai gawayi a yini ɗaya yake sarewa.

Ba mai dasa sabo, sai cin na kakanni,
To ina mamakin kalwa na raguwa?

Ga aikin, don a san kuɗin ina ya tafi:
Awa 12 ko fiye ake dafawa.

Wuta ba ta mutuwa, ana ƙara ruwa,
Itacen girki ke fara cinye riba kuwa.

In ɓawo ya yi laushi a zuba a turmi,
Da ɗan yashi ko toka ake surfawa.

A wanke a ruwa, ɓawo ya taso sama,
A tsince tsakuwa da wadda ta ƙi ɓarewa.

Dahuwa ta biyu awa ɗaya zuwa biyu,
Da ɗan kanwa kaɗan don tausasawa.

A tsane, a juye a kwando mai ganye,
Da zafinta ake lulluɓewa.

In ta huce kafin rufi, ba ta tashi,
In ruwa ya yi yawa, sai ruɓewa.

Kwana biyu zuwa uku, a duba,
Yauƙi da wari ne alamar kamawa.

In ta wuce haka ɗaci ya shige ta,
Miyar kuka ma ba ta ɓoyewa.

A kirɓa, a fafe, a shanya a rana,
Sai ta yi ƙarau ake ɗaukewa.

Mai ɗanshi in an ƙulle ta a leda,
Fumfuna ce za ta yi mamayewa.

Shi ya sa kanti ke gudun ɗaukarta,
Ga wari kuma da ke bin makwabta da kamawa.

Ta waken suya ta fi saurin dahuwa,
Amma ɗanɗanonta bai kai na kalwa ba kuwa.

Ta batso daga 'ya'yan yakuwa ake yi,
Mai son araha ita yake komawa.

Kasuwar Tudun Wada da ta cikin birni,
A can take, ɗana, ba ta ɓacewa.

Malamin Gona, Samaru

Goggo Hajiya, Allah ya ƙara lafiya,
Wake da gyaɗa su ne nawa yanki.

Tsutsar maruka ke huda fure da kwanso,
A nan wake ke fara shan farmaki.

Cibiyar bincike ta Samaru, a 2019,
Ta fito da irin wake SAMPEA 20-T a kan wannan aiki.

Feshi shida zuwa takwas ya koma biyu,
Ko da yake gardamar irin na nan a baki.

Amma babbar ɓarna a rumbu take,
Ƙwaron wake tun gona yake shiga ciki.

Ƙwansa na manne a jikin ƙwaya,
Wata uku ya mai da buhu gari a ɗaki.

Kanti na tsoron leda mai motsi,
Mai saye ya dawo da ita yana tsaki.

Buhun PICS leda biyu ne masu kauri,
Na uku a waje, saƙaƙƙe mai ɗinki.

A duba huda tukuna, a zuba busasshe,
A matse iska, a murɗe, a ɗaure baki.

Kowace leda ɗaurinta daban ne,
Iska ta ƙare, ƙwaro ya daina aiki.

A ɗora kan katako nesa da bango,
Ɓera in ya huda, an koma gidan jiya a ɗaki.

Jarka mai murfi ma tana yin haka,
A cika ta maƙil, ko duro, ko tanki.

Fiya-fiya kuwa haramun ne ga wake,
Guba ce, ba ta fita da wanki.

Tarayyar Turai a 2015 ta hana wakenmu,
Don ragowar wannan guba da ke jiki.

Gyaɗa kuma, a tuna shekarar 1975,
Kuturtar gyaɗa ta rusa noman yanki.

Darɓa ke ɗaukar cutar daga shuka zuwa shuka,
Dalar Kano ba ta sake tashi ba, abin mamaki.

Irin gyaɗa SAMNUT 24 na jure mata, kwana 90 ta nuna,
A shuka da wuri, a matsa layi, a ba da taki.

Ɓararriya kilo 10 a matsar hannu,
Lita 3 zuwa 4 ce ladan aiki.

Sauran riba na cikin ƙuliƙuli,
In ba ya tafiya, mai ya tsaya a turmi da kasko, a bar aiki.

Baƙar ƙwaya mai fumfuna a tsince a zubar,
Hanta take ci, ba a gani a jiki.

Mai Nono, Bomo

Baba Malam, sannu da ƙoƙari,
Ga kaɗan a kan man shanu da nono.

Bunaji lita 1 zuwa 2 take bayarwa,
Da rani ko haka ba ta cika kwano.

Man shanu kilo guda, kusan lita 20,
Mai lissafi shi zai iya gano.

Satar shanu ta kori rugage kudu,
Burtali ya zama gona, sai tuno.

Madara ba sanyi awoyi kaɗan take yi,
Kanti ba wuta, wa zai ɗauko nono?

A tafasa, a bari ta koma ɗumi-ɗumi,
Cokalin tsohon kindirmo a sa a kwano.

A rufe ta kwana. In an sa da zafi ta tsinke,
In ta yi sanyi ba ta kamawa, ku tuno.

Madarar gari da garin kuka wasu ke damawa,
Tsaminsa daban ne, harshe na gano.

Ɗan Kamasho, Giwa

Allah gafarta Malam, na ji na ƙwaro,
Amma rabin tsadar nan tana kan hanya.

Ran 29 ga Mayu, 2023, aka cire tallafin mai,
Kuɗin mota ya hau kan kowace tiya.

Buhu tiya 40 ne in an cika shi,
Ɗan dako, kamasho, haraji, duk a biya.

Juyin mulkin Nijar a Yulin shekarar
Ya sa an rufe iyaka, an tsai da kaya.

Sai Maris na 2024 aka buɗe ta,
Masu dabba da wake da dabino sun sha wuya.

Gonakin Birnin Gwari da yammacin Giwa,
Tsoron 'yan bindiga ya ja noma baya.

Da kaka masu haɗa abincin kaji
Ke jera tirela su kwashe gaba ɗaya.

Manomi ya sayar a Nuwamba don bashin taki,
A Yuni ya sayo da tsada, ita ce gaskiya.

Citta ma, ruɓar 2023 a Kachiya da Kagarko
Ta cinye iri, har shayi ya ji a Zariya.

Gida huɗu su haɗa kuɗi a Disamba,
Buhu ɗaya, kowa ya tashi da goman tiya.

Hajiya Mai Daddawa, Tudun Wada

Ɗan kamasho, shawararka ta yi,
Amma tiya goma a ɗaki sai da kulawa.

Malam, ka ce busasshe ake zubawa,
Mu da ba mu da na'ura, yaya ake ganewa?

Malamin Gona, Samaru

Goggo, a samo kwalba busasshiya mai murfi,
Kashi ɗaya cikin uku a sa hatsi a ciki.

Gishiri busasshe cokali 2 zuwa 3,
A girgiza minti guda, a toshe baki.

A bar ta minti 15 a sake girgizawa,
A ɗaga ta a haske a duba jiki.

In gishiri ya manne a bangon kwalba,
Da sauran ruwa, rana na da sauran aiki.

In ya zube ƙasa tas, to ya bushe,
A bar shi ya huce a inuwa kafin ɗauri da ɗinki.

Mai zafin rana in an rufe shi a leda,
Gumi yake yi, fumfuna ta kama daga ciki.