Shawarwari Kan Rubuta Gajeren Labari da Sharhinsa

A zaman da matasan marubuta suka yi a wani ƙauye kusa da Ringim, an fi jaddada cewa gajeren labari ya tsaya kan matsala guda, musamman ga mata masu niyyar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, domin ba ta karɓar labarin da ya wuce kalmomi 1,500. An ba da shawarar marubuci ya karanta wa mutanen gida labarinsa bayan sallar isha'i, duk inda hankalinsu ya kauce ya datse wurin. Mai sharhi kuwa ya nuna jimlar da ta raunana tare da dalili, abin da nake ganin ya fi wuya a ƙauye, inda kowa yake jin nauyin kowa.