Wai kakanmu ya halarci Tabkin Kwatto?

Bappa: Salamu alaikum. Na ga takardar salsalar da Auta ya turo. Kai yaro, wa ya ce ka goge Tabkin Kwatto, yaƙin da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo sunka yi da Gobirawa, daga gaban sunan kaka? Haka munka ji ga iyayenmu, da shi anka yi hijira daga Degel zuwa Gudu.

Auta: Allah shi ba ka haƙuri, Bappa, lissafi ne ya ƙi. An yi Kwatto a 1804. Ku kuma kun ce wannan kakan ya ga shigowar Nasara Sakkwato a 1903, har ya so bin Sarkin Musulmi Attahiru gabas, tsufa ya hana shi. Shekara 99 ke nan. In yana ɗan 15 ya riƙe baka, ya kai 114.

Bappa: To Allah bai iya ba?

Yaya Babba: Ya iya, Bappa. Amma a duba littafin fiƙihun da ke akwatin Inna. A ƙarshe mai kwafar ya rubuta cewa ya gama shi a Wurno zamanin Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, sannan ya jera sunansa da na ubansa da na kakansa. Na farko da na uku suna ɗaya ne. Jika ya ci sunan kaka, baki kuma ya dunƙule mutum biyu ya mai da su ɗaya. Na Nasara daban, na hijira daban.

Auta: Ko babban ma, na bi littafin Raudul Jinan na Waziri Giɗaɗo inda ya ambaci mutanen Shehu, ban gan shi ba.

Yaya Babba: Wannan ba hujja ba ce. A yaƙin Tsuntsuwa kaɗai mahaddata kusan 200 sunka yi shahada. Nawa ka san sunansu?

Gwaggo: Ni ban iya lissafinku ba, kuma ba ku taɓa tambayar mata ba. Kakata ta ce tsohon farko tsagen Gobirawa ne a fuskarsa, daga baki har kunne. Kwatto kam ya je. Amma bayan wa? Ai Sarkin Gobir Yunfa ma ba shi kaɗai ya zo ba.

Bappa: Haba Hajiya, gaban yara?

Auta: Gwaggo, Degel ɗin kanta ai ƙasar Gobir take. Tsage bai nuna inda mutum ya tsaya ba.

Gwaggo: Ni dai abin da anka gaya min na faɗa.

Bappa: Auta, mayar da Kwatto yadda ka same shi. Kada ka rubuta ɓangare.