Yajin aikin matan Dagenham: daidaiton albashi suka nema ko amincewa da ƙwarewarsu?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum. Na kalli fim ɗin Birtaniya mai suna Made in Dagenham, wanda Nigel Cole ya ba da umarni kuma ya fito a 2010, kan matan da ke ɗinka rigunan kujerun mota a kamfanin Ford da ke Dagenham, a gabashin Landan, waɗanda suka shiga yajin aiki a 1968. Fim ɗin ya nuna cewa daidaiton albashi da maza suka nema, kuma sun yi nasara. Sai dai wata malamarmu ta ce ba wannan ne ainihin buƙatarsu ba. Ina roƙon masana su fayyace mini inda fim ɗin ya bi tarihi da inda ya kauce masa.

Malamin Nazari:

Wa alaikumus salam, Malama. Malamarku tana da gaskiya. A 1967 kamfanin ya sake tsara matakan ma'aikatansa gida biyar, daga A zuwa E, sai ya ajiye masu ɗinkin a matakin B, na waɗanda ba a ɗauke su ƙwararru ba, alhali su suna ganin matakin C ya dace da su, tun da sai mace ta ci gwajin keken ɗinki kafin a ɗauke ta aikin. Bayan haka kuma, kashi 85 cikin ɗari na albashin namijin da ke matakin B ɗin ake biyan su. Wato ƙorafi biyu ne ke gabansu, kuma na farkon ne ya fitar da mata 187 daga masana'antar Dagenham a ranar 7 ga Yuni, 1968, kafin takwarorinsu na masana'antar Ford da ke Halewood, kusa da Liverpool, su bi sahu.

Yajin aikin ya yi tasiri ne saboda mota ba ta fita kasuwa babu kujera. Da rigunan kujerun da ke ajiye suka ƙare, sai aikin haɗa motoci ya tsaya, aka dakatar da dubban ma'aikata maza. A nan ne Barbara Castle, ministar ƙwadago a gwamnatin Harold Wilson, ta gana da wakilan matan, aka sasanta bayan mako uku a kan a ɗaga albashinsu zuwa kashi 92 cikin ɗari na albashin maza. Matakin C kuwa ba su samu ba. Ki kuma sani cewa Rita O'Grady, jagorar yajin a fim ɗin, wadda jaruma Sally Hawkins ta fito a matsayinta, ƙirƙirarriya ce. Cikin waɗanda suka ja ragamar yajin na gaske akwai Rose Boland, wakiliyar ma'aikatan sashen.

Tsohon Ɗan Ƙwadago:

Malam, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da ka kawo ba, amma ina ganin bai kamata a ɗora wa masu fim ɗin laifin duka ba, domin tun a 1968 aka fara karkatar da maganar. Ga shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago da gwamnati, ƙarin kuɗi ya fi sauƙin sasantawa, saboda ɗaga matakin sashe guda zai sa sauran sassa su ma su taso da tasu buƙatar, tsarin matakan gaba ɗaya ya warware. Duk wanda ya taɓa zama a teburin sulhu ya san shugabannin kamfani sun gwammace su ƙara kuɗi da su taɓa tsarin matakai. Kuma karkatarwar ba ta tashi a banza ba: a 1969 an yi gangamin neman daidaiton albashi a dandalin Trafalgar da ke Landan, sannan a 1970 majalisa ta zartar da dokar daidaita albashi, wadda ta fara aiki a Disamban 1975.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode, Malam, na gode, Baba. To idan dokar ta fara aiki a 1975, me ya hana ta warware matsalar masu ɗinkin?

Malamin Nazari:

Dokar 1970 ta tanadi daidaito ne idan mace da namiji suna aiki iri ɗaya, ko kuma idan tsarin auna ayyuka na wurin ya ajiye ayyukansu a mataki guda. Masu ɗinkin kuwa da ma'aunin kansa suke jayayya, domin shi ne ya raina aikinsu, don haka dokar ba ta ba su makamin da suke buƙata ba. Sai da kotun Turai ta yanke hukunci a 1982 cewa dokar Birtaniya ta gaza, kafin aka yi mata gyaran da ya ba mace damar kwatanta aikinta da wani aikin na daban mai daraja ɗaya, gyaran da ya fara aiki a farkon 1984. Duk da haka sai da matan suka sake shiga yajin aiki a ƙarshen 1984, aka kafa kwamiti mai zaman kansa da ya sake auna aikin nasu, sannan aka mayar da su matakin C. Wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da fim ɗin ya bayar, kuma idan rubutu za ki yi wa malamarku, a kansa ya fi dacewa ki tsawaita bincike.